Yabon Gwani Ya Zama Dole, Amma Wane Ne Gwanin?

A wannan fitowa ina so in ɗan kauce wa maganar da muka saba, wato ta albashi da ƙarin girma da kuɗin fansho, in kawo wata wadda ba kasafai take shiga jerin abubuwan da muke tattaunawa a taron reshe ba, alhali kuwa ta rataya a wuyanmu. Maganar ita ce ta ƙungiyoyin sa kai masu hidimar lafiyar jama'a, da yadda ake karrama su, da waɗanda ake tsallakewa idan an zo rabon yabo. Ra'ayina shi ne, yabon da ake yi a ƙasar nan a sama yake tsayawa, ba ya gangarowa wurin da aka zubar da gumi, kuma mu malaman firamare muna da hujja da damar gyara wannan a matakinmu, ba sai mun jira wani ya zo daga Abuja ba.

Wani zai ce me ya haɗa malamin makaranta da wannan batu. Abin da ya haɗa mu shi ne rajistar aji. Likita wanda aka kai masa kawai yake gani, amma malamin firamare kowace safiya yana kiran suna, yana ganin wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma kafin a tashi tara ya ji dalili daga bakin 'yan ajin. Idan damina ta nutsa, rajista ta cika da alamar fashi, mun san zazzaɓin cizon sauro ya sauka a unguwa. Idan bazara ta yi tsanani, mukan zauna cikin fargabar sanƙarau da ƙyanda. Idan amai da gudawa suka ɓulla, mu ne kan fara ganin benci ya yi fili. Yaron da ya yi mako uku a kwance ba zai dawo ya tarar da darasi yana jiransa ba, yarinyar da aka tsayar a gida jinyar ƙanenta kuwa, sau da yawa daga nan karatun ya tsaya ke nan. Saboda haka duk wanda ya tsare lafiyar yaro kafin ya shigo aji ya ɗauke mana rabin aiki, ko ya sani ko bai sani ba.

Mu da muka yi firamare a shekarun 1980 muna iya tuna abubuwa biyu da yaran yau ba su sani ba. Na farko shi ne kurkunu. Mutum zai sha ruwan kududdufi ko na tafki mai ɗauke da ƙwayayen tsutsar, ya zauna ƙalau kusan shekara guda, sannan ƙafa ta kumbura ta fashe, tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta fara fitowa, a riƙa naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har tsawon makonni. Ciwon yakan zo daidai lokacin aikin gona, ya kwantar da magidanci, ya hana yaro tafiya makaranta. Babu allurar rigakafinsa, babu ƙwayar da ke kashe shi. A ƙidayar da aka yi a 1988 an sami mutum fiye da 650,000 masu fama da shi a Nijeriya, adadin da ya sa ƙasar nan a sahun gaba a duniya. A 2008 aka ga na ƙarshe, sannan a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu, ita da maƙwabciyarmu Nijar a shekara ɗaya.

To, cutar da ba ta da magani, da me aka kore ta? Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka ta kawo kuɗi da tsari, ma'aikatun lafiya suka ba da ma'aikata, Janar Yakubu Gowon ya yi shekaru yana zaga ƙauyuka yana jan hankalin gwamnoni su haƙa rijiyoyin burtsatse. Duk waɗannan sun yi rawar gani, kuma an faɗi sunayensu a inda ake faɗa. Amma ainihin aikin a hannun ɗan sa kai na ƙauye yake, mutumin da jama'arsa suka zaɓa, aka ba shi littafi da ƙyallen tace ruwa. Shi ne yake bi gida-gida yana nuna wa mata yadda za su ɗaura ƙyallen a bakin tulu. Shi ne yake tsayawa a bakin tafki yana lallashin mai ciwo kada ya tsoma ƙafarsa a ruwan da kowa zai sha. Shi ne yake wanke gyambo, ya rubuta suna, ya kai rahoto kowane wata. Dubban mutane ne suka yi wannan a faɗin ƙasar nan, yawancinsu manoma, kuma a yau zai yi wuya ka sami ƙaramar hukumar da ta adana sunayensu ko a jikin bango.

Abu na biyu shi ne shan-inna. Babu unguwar da a da ba ta da yaro mai jan ƙasa, ko mai dogara sanda, wanda kafin a kai shi aji sai an goya shi. Ƙungiyar Rotary, wadda ita ma ta sa kai ce, ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da cutar a 1985, shekara uku kafin ƙasashen duniya su ɗauki alkawarin kawar da ita a 1988, lokacin da take naƙasa yara kimanin 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. A nan Arewa tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. A 2003 an dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi bisa zargin cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa. Wannan tsoro bai faɗo daga sama ba, domin mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin ƙasar waje ya yi wa yara a Kano a 1996 ba. Sai a watan Yuli na 2004 aka koma rigakafin a Kano, kafin nan kuwa cutar ta sami sarari, ta tsallaka ƙasashe da dama. A 2006 kaɗai yara fiye da 1,000 ta naƙasa a Nijeriya. Har zuwa 2012, fiye da rabin waɗanda ta kama a duk duniya 'yan ƙasar nan ne.

Abin da ya ɓaci a lokacin yarda ce, ita kuwa yarda ba a shigo da ita a jirgi. Sarakuna sun tashi tsaye, musamman bayan da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009. Malaman addini sun yi bayani a masallatai da majami'u. Amma a ƙasar Hausa namiji baƙo iyakarsa zaure. Wadda ta yi sallama ta shiga tsakar gida, ta zauna a kan tabarma da uwar yara, mace ce 'yar unguwa, rataye da akwatin ƙanƙara, riƙe da alli irin namu tana rubuta alama a jikin katanga. Ita ce ta sha zagi da kora. Ita ce aka tambaya, me ya sa ake bin mu har ɗaka da wannan ɗigo kyauta, alhali idan yaro yana zazzaɓi muka je asibiti ba ma samun ko ƙwaya ɗaya? Tambaya ce mai hujja, amma ba ita ce ta jawo ta ba, kuma ba ta da ikon amsa ta. Haka ta haɗiye, ta koma gobe, ta koma jibi.

Tare da su akwai matan ƙungiyar FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, waɗanda suka riƙa shigar da maganar rigakafi cikin makarantun matan aure da gidajen suna. Akwai kuma ƙungiyoyin waɗanda shan-inna ta naƙasa, irin ta Kano, mutanen da suke ƙera kekunan guragu da hannunsu. Su ne suka riƙa bin masu rigakafi zuwa gidajen da aka ƙi buɗewa, su tsaya a gaban maigida ya dube su da idonsa. Gani ya kori ji, kuma babu wata sanarwar rediyo da ta yi aikin da wannan tsayuwa ta yi. Bai kamata kuma mu manta da ranar Juma'a, 8 ga Fabrairu, 2013 ba, ranar da 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafi a wurare biyu cikin birnin Kano. Sun fito ne neman ɗan alawus da lada, ba su koma wurin 'ya'yansu ba. Bayan wannan ta'asa sauran matan ba su ajiye aikin ba.

A 2016 aka sami na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta daji ta kama a Nijeriya, a jihar Borno, sannan ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. An yi murna, an yi jawabai. A wannan shekarar mujallar Time ta Amurka ta sanya Dakta Tunji Funsho, shugaban kwamitin Rotary na yaƙi da shan-inna a Nijeriya, cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya. Ya cancanta, kamar yadda gidauniyar Dangote da ta Bill Gates suka cancanci godiyar da aka yi musu. Haka ma ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wadda a 2010 ta gano cewa gubar dalma daga dutsen zinariya ce take kashe yara a ƙauyukan Zamfara, annobar da ta ci yara kimanin 400, ta kuma zauna shekaru tana jinyar waɗanda suka tsira. Ba na cikin masu cewa a rage wa waɗannan yabo. Abin da nake tambaya shi ne, wa zai iya faɗin sunan ko ɗaya daga cikin matan nan tara? Wace makaranta ce, wane ɗakin shan magani ne aka sa wa sunansu?

Idan muka bar manyan yaƙe-yaƙe muka dubi unguwanninmu, za mu tarar da irin waɗannan mutane a ko'ina. Ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, waɗanda suke kwana a asibiti da majinyacin da ba shi da kowa, su ɗauki wanda haɗari ya rutsa da shi tun kafin motar asibiti ta iso. Ga 'yan Red Cross, ƙungiyar da doka ta kafa a ƙasar nan tun 1960, waɗanda kan fara isa wurin ambaliya. Ga Zumuntar Mata ta majami'u masu kai wa marasa lafiya abinci da sabulu. Ga samarin da kan haɗa kuɗi su sayi shebur su yashe kwata kafin ruwan farko ya sauka, da masu ba da jini kyauta idan an kira su cikin dare. Ga masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga ƙananan yara kowane wata a lokacin damina. A wasu jihohin Arewa direbobin ƙungiyar sufuri ta ƙasa sun amince su riƙa ɗaukar mace mai naƙuda zuwa asibiti ko da tsakar dare, ba tare da tsawwala kuɗi ba. Wannan ƙungiyar ƙwadago ce irin tamu, kuma ta nuna cewa hidimar ƙungiya ba ta tsaya ga 'ya'yanta kaɗai ba. Duk wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe, aikin gayya ne da muka gada ya sake riga.

Yanzu mu dubi yadda ake karramawa a ƙasar nan. Za a kama babban ɗakin taro a otal, a buga kati mai ruwan zinariya, a jera kujerun manyan baƙi. Wanda ya ba da kuɗin haƙa rijiya ɗaya, bayan an kira masu ɗaukar hoto, shi za a kira a miƙa wa allon yabo. Wani lokaci ma kowa ya san cewa shi ya biya kuɗin allon da na abincin taron. Matar da ta yi shekara goma tana bin gidaje, idan ta yi sa'a an gayyace ta, a waje za ta tsaya tana jiran kuɗin mota. Wannan shi ne Hausawa suke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Illar wannan al'ada ta wuce rashin adalci ga mutum ɗaya. Yaran da muke koyarwa suna kallo, kuma darasin da suke ɗauka shi ne girma na mai kuɗi ne, wahala kuwa ta wawa ce. Idan suka girma da wannan fahimta, ranar da wata annoba ta sake tasowa za a nemi mai ɗaukar akwatin ƙanƙara a rasa.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wasu za su ce mai aikin sa kai don Allah yake yi, yabo zai ɓata masa niyya ya jefa shi cikin riya. Gaskiya ne na ƙwarai daga cikinsu ba sa neman a gani. Sai dai godiya nauyi ne a kan wanda aka yi wa alheri, kuma tsarkin niyyar mai bayarwa bai sauke wa mai karɓa wannan nauyi ba. Bayan haka, karramawa garkuwa ce ga mai aikin. Matar da mai unguwa da limami da shugaban makaranta suka tsayar a gaban jama'a suka ce mun san ta, mun yarda da ita, gobe idan ta yi sallama a ƙofar gida da wuya a kore ta da baƙar magana. Mijinta da ke cewa ta daina yawon banza zai sake tunani, ƙanwarta da ke kallo za ta yi sha'awar bin sawunta.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Masu ita suna cewa yawan yabon masu sa kai hanya ce da hukuma take bi ta zame daga haƙƙin da ke kanta, a ba mutum takarda mai hatimi a maimakon albashi. Babu wanda ya san ɗacin wannan kamar malami. Shekara nawa aka yi ana gaya mana cewa sakamakonmu yana lahira, alhali mai gidan haya da mai awo a duniya suke binmu bashi? Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya, kuma har yau kasafin gwamnatin tarayya bai kai nan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, amma wanda ya leƙa ɗakin shan magani na ƙauye ya san tsakanin doka da kantar magani akwai tafiya. Saboda haka yabon da nake kira a yi ba na rufe baki ba ne. Wanda ya tsaya ya ce waɗannan samari su suka yashe kwatar unguwa, a cikin maganarsa akwai tambayar ina waɗanda aka ba kasafin yin aikin. Karramawar da ƙungiyar ƙwadago za ta yi dole ta zo da wannan tambaya a bayyane.

Hujja ta uku ita ce siyasa da son kai za su shiga, abin ya koma na 'yan gaban goshi, ko kuma ƙungiyoyin jaka, waɗanda ba su da komai sai takardar rajista da hatimi, su mamaye shi. Wannan haɗari ne na gaske, maganinsa kuwa ƙa'ida ce da za a rubuta tun kafin a fara, a kuma ba da zaɓin a hannun waɗanda suka ga aikin da idonsu. A nan ne malami ya fi kowa dacewa, domin babu mazaɓar da ba ta da makarantar firamare, kuma babu abin da ke faruwa a unguwa wanda ba ya biyo yara zuwa aji.

Dalilin da ya sa nake ganin maganar ba ta jira shi ne, a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu, kuma ayyukan lafiya da dama a Nijeriya da wannan kuɗi suke tafiya. A gefe guda, cutar mashaƙo da ta ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 ta bazu zuwa wasu jihohi, yawancin waɗanda ta kama yara ne masu shekarun makaranta da ba su kammala rigakafi ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan yaran da ba a taɓa yi wa allurar rigakafi ko ɗaya ba, kimanin miliyan 2. Ko shan-inna ma, akwai wani nau'inta da har yanzu yake ɓulla a inda rigakafi ya yi rauni, shi ya sa ba a daina zagayen ɗigon ba. Idan baƙo ya naɗe tabarmarsa, na gida ne za su rage, kuma mutumin da aka yi shekaru ba a ce masa sannu ba, ba a san ranar da zai gaji ba.

Ga abin da nake roƙon reshenmu ya duba. Da farko, kowace makaranta ta buɗe littafi guda, malamai tare da kwamitin kula da makaranta su riƙa rubuta ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutanen da suke hidimar lafiya a yankinta, da irin aikin da suka yi, da lokacin da suka yi shi. Wannan bai buƙatar kuɗi, rubutu kuwa sana'armu ce. A haɗa da tsofaffin 'yan sa kai na zamanin kurkunu da suke raye, a ji labarinsu tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Na biyu, reshe ya keɓe rana ɗaya a shekara. Ina ba da shawarar 5 ga Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu aikin sa kai, kuma tana zuwa kafin hutun zangon farko. A yi taron a filin makaranta, a gaban yara, bayan an gayyato mai unguwa ko dagaci, da shugabannin addini, da jami'in ɗakin shan magani, da iyaye. Ƙa'idar ta zama a fili. Ba za a karrama mai riƙe da muƙamin siyasa ko mai neman takara ba. Ba za a karɓi ko kwabo daga wanda za a karrama ba. Sai ƙungiyar da ta yi aƙalla shekara uku tana aiki ba yankewa, wadda mutanen da suka amfana za su tashi su shaida da bakinsu, wadda kuma idan tana karɓar gudummawa za ta iya nuna inda kuɗin ya tafi. A kuma lura kada mata su ɓace a jerin, domin su ne suka fi yawa a aikin, su ne kuma aka fi mantawa da su.

Na uku, yaba kyauta tukuici, to tukuicin ya zama mai amfani. Samarin da ke yashe kwata sun fi buƙatar baro da shebur da takalman roba a kan allon da za a rataye ya yi ƙura. 'Yan agaji sun fi buƙatar safar hannu da bandeji. Ƙungiyar mata da ba ta da wurin zama, a nema mata izinin aji ɗaya bayan an tashi makaranta. Matashin da ya yi shekaru yana hidima, a ba shi takardar shaida da za ta taimake shi ranar da zai nemi shiga makarantar koyon aikin lafiya. Idan kowane malami ya ba da abin da bai fi kuɗin cefanen yini ɗaya ba a shekara, ya isa a fara.

Na huɗu, mu shigar da abin cikin koyarwa. 'Yan aji biyar da shida za su iya zuwa su tambayi wata mai rigakafi ko wani ɗan agaji yadda yake aikinsa, su dawo su rubuta insha'i, a karanta mafi kyau ranar taron. Mu farfaɗo da ƙungiyoyin lafiya da na agajin gaggawa na 'yan makaranta a inda suka mutu. Mu kanmu ba baƙi ba ne a wannan fage, domin malamai da yawa sun raba wa ɗalibai maganin tsutsar ciki da na tsargiya, wasu kuma sun yi aikin sa ido a zagayen rigakafi.

Na biyar, reshe ya yi amfani da muryarsa. Bayan kowane taro a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da sashen lafiya wasiƙa, a jera waɗanda aka karrama, a kuma jera abin da aikinsu ya tona, wato kwatar da ta toshe, da ɗakin shan maganin da ba ma'aikaci, da alawus ɗin masu rigakafi da aka riƙe. A nemi a riƙa kula da iyalan waɗanda suka rasa ransu ko lafiyarsu a bakin aiki. A kuma miƙa wa uwar ƙungiya ta jiha sunayen waɗanda suka yi fice, domin a tura su gaba idan ana neman waɗanda za a ba lambar girmamawa ta jiha ko ta ƙasa.

Mu malamai mun daɗe muna kukan cewa al'umma tana cin moriyarmu ba ta waiwayarmu. Wanda ya san zafin wannan bai kamata ya yi wa wani irinsa ba, balle waɗanda saboda wahalarsu ne yaran da ke gabanmu suke shigowa aji da ƙafafunsu. Ina roƙon shugabannin reshe su sanya wannan batu a taro mai zuwa, ina kuma roƙon kowane malami da kowace malama su zo da sunan ƙungiya ɗaya ko mutum ɗaya daga unguwarsu wanda suka tabbatar ya cancanta. Iyalanmu da ke gida, musamman iyaye mata, sun fi mu sanin wadda take shigowa ranar suna ta duba jariri, don haka a tambaye su. Allah Ya saka wa masu hidimar jama'a da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.